Tambaya a kan maganin modafinil da gajiyar ciwon MS

Abu Safiyya, Agege:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da likitocin jijiya suka tabbatar cewa maiɗakina tana da ciwon MS, wanda garkuwar jiki ke lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. Abin da ya fi damun mu yanzu shi ne gajiya, domin ko ta yi barci isasshe, kafin azahar sai a tarar ta kifa kai a kan keken ɗinki, almakashi ma ya gagare ta. Likita ya ambaci modafinil, ya ce mu je mu yi shawara. Don Allah wanda ya san shi ya yi mana bayani.

Malam Sani, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Allah Ya ba ta lafiya. A Faransa aka ƙirƙiro maganin, kuma a 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi domin masu lalurar barcin da ke afka wa mutum da rana tsaka. Ba don MS aka yi masa rajista ba, likitoci ne ke ba da shi idan sun ga ya dace, yawanci miligiram 100 zuwa 200 da safe, saboda shan sa da yamma yakan hana barcin dare. Wani gwaji da mujallar Lancet Neurology ta buga a 2021 bai nuna ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage gajiyar MS ba, sai dai alamu sun nuna ya fi amfanar waɗanda gyangyaɗi ke rinjaya da rana, kamar yadda ka kwatanta. Yakan jawo ciwon kai da tashin zuciya, wani lokaci jini ya hau. Idan ƙuraje suka feso mata, ta daina sha, a garzaya asibiti a ranar.

Maman Khalil, Mile 12:
Malam, akwai abin da mu mata ba mu cika faɗa a gaban likita ba. Maganin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, kuma ba a ba mai ciki saboda haɗarin nakasa ga jariri. Ta faɗa wa likitan gaskiyar halin da take ciki tun kafin ya rubuta takarda.

Yakubu, Ikeja:
Ina fama da ciwon, kuma na sha modafinil wata biyar. Ya rage mini gyangyaɗi, amma nauyin ƙafafu bai tafi ba, musamman ranar da na zauna cikin cunkoson motoci da zafin nan na Legas, tunda zafi yana tsananta alamun MS. Ku roƙi a gwada jininta tukuna, domin ƙarancin jini ma yana kawo irin wannan kasala, sannan ta mayar da ɗinkinta mai nauyi zuwa bayan sallar asuba, lokacin da gari ke da sanyi.