Neman kalma: me za mu kira “dead reckoning” da Hausa?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da ƙarfe tara zan naɗi shiri, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Labarin jiragen sama biyar ne na sojan ruwan Amurka, ƙirar Avenger, da suka tashi daga Fort Lauderdale a jihar Fulorida ranar 5 ga Disamba 1945, wata uku da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, suka ɓace da mutum 14. Cikin horon da suka fita yi akwai “dead reckoning”: matuƙi ya san inda ya baro, ya san gudun jirginsa da inda ya dosa, sai ya dubi agogo ya fitar da inda yake, ko da ba abin da yake gani sai ruwa.

Malamar fassara: Wa alaikumus salam. Da farko kada ka ce musu jiragen koyo, Avenger jirgin yaƙi ne, atisaye ya fitar da su. Kalmar kuwa, ƙiyasi.

Ɗan Katsina: Kirdado fa?

Malamar fassara: A'a ƙanena. Kirdado na wanda ba shi da madogara ne. Wannan da taswira a cinya da fensir a hannu ake yin sa.

Tsohon malamin Hausa: Ƙiyasi Larabci ne, kuma duk wanda ya zauna zauren karatu fiƙihu zai ji. Ku ce lissafin zango. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, da ayarin gishiri na Bilma, da me suke sanin inda suke? Madugu ya ƙirga kwanaki, ya san tafiyar raƙumi ko jaki a yini, ya ce jibi muna zango kaza. Mun daɗe da abinmu, yaran yanzu ne ba sa tambaya.

Ɗan Damagaram: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mu nan har yanzu ana faɗin zango. Amma da daga bakinmu ta fito, da an ce ba daidaitacciyar Hausa ba ce.

Ɗan Katsina: Gaskiya ka faɗa. Sai abin da Kano ta sa wa hannu.

Malamar fassara: Ba wanda ya kawo zancen Kano. Kuma Baba, da girmanka, lissafi ma ai Larabci ne.

Tsohon malamin Hausa: Lissafi ya kwana ya tashi a gidanmu, 'yata. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban taɓa jin ɗalibi ya tambayi ma'anarsa ba.

Mai shirin rediyo: Baba, a gafarce ni, kalmar ta yi mini daɗi, amma ga inda take ba ni tsoro. Madugu yana ganin dutse, yana ganin rijiya, zango wuri ne da ido ke shaidawa. Su kuwa ido ne ya cuce su. Jagoransu, Laftanar Charles Taylor, ya faɗa ta rediyo cewa kamfas ɗinsa duka biyu sun lalace. Ya hango tsibirai a ƙasa ya ɗauka na Keys ne, kudu da Fulorida, alhali hanyar da aka tsara musu ta wajen Bahamas ce, can gabas. Sai ya ja su arewa maso gabas yana neman tudu, teku kuwa sai ƙara faɗi take. Dare ya yi, mai ya ƙare. Jirgin ceto ƙirar Mariner da ya bi sawunsu shi ma bai dawo ba, da mutum 13 a ciki. In na ce zango, mai sauraro zai zaci alamun ƙasa ake bi, darasin kuwa na tafiya ne ba tare da su ba.

Malamar fassara: To ka ce lissafin hanya da agogo da kamfas a karon farko, daga nan ka taƙaita, lissafin hanya.

Ɗan Damagaram: Ya yi tsawo, amma kakata za ta gane.

Tsohon malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba suna ba. Amma tunda gobe ne, yi da shi. Ni dai a littafina lissafin zango zan rubuta.

Mai shirin rediyo: Na gode Baba, na ɗauki lissafin hanya. Saura ɗaya: har yau ba a ga tarkacensu ba. In ce hatsari, ko in ce ɓacewa?