Lambar P0700 ta fito a mota: abin da waɗanda suka gamu da ita suka tarar

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Fitilar gargaɗin inji ta kama a motata mai giya otomatik, da aka jona ƙaramar na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari kuma, lamba ɗaya ce ta fito, wato P0700. Injin yana tashi lafiya, amma motar ta maƙale a giya ta uku, ba ta ƙarawa ba ta ragewa, sai nauyi idan za a ɗaga daga tsaye. An ce mini a sauke giyabos. Kafin in amince, ina roƙon duk wanda ya taɓa gamuwa da wannan lamba ya faɗa mana abin da aka tarar a tasa motar.

Mai aikin rewaya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a kwance ko noti ɗaya tukuna, domin P0700 ba ta faɗin abin da ya lalace. Ɗan aike ce kawai. Yawancin motocin zamani suna da kwamfuta mai kula da inji da wata mai kula da giya, idan ta giya ta ga abin da bai dace ba sai ta adana bayanin a wurinta, sannan ta nemi ta inji ta kunna fitila. Wannan neman shi ne P0700. Harafin P yana nufin ɓangaren inji da giya, sifilin farko yana nuna cewa lamba ce ta bai ɗaya wadda duk kamfanoni suka yi tarayya a kanta a tsarin binciken matsalar mota da na'ura mai suna OBD-II, wanda ya zama dole ga motocin Amurka tun 1996, bakwai kuma na giya ne. Yawancin ƙananan na'urori kwamfutar inji kaɗai suke iya shiga, shi ya sa suke nuna ɗan aiken su bar saƙon. A motocin da suka zo hannuna da wannan lamba, kusan kullum sai na tarar da wata a bayanta idan na sa na'urar da ke shiga kwamfutar giya. Maƙalewa a giya ɗaya kuwa da gangan kwamfutar ta yi, don ta kare giyabos har ka isa wurin gyara. Abu ɗaya nake roƙo: kada a goge lambar kafin a karanta, saboda gogewa tana tafiya da bayanin gudun motar da zafin injin a lokacin da matsalar ta auku.

Direban dogon zango:
Maganar Malam rewaya gaskiya ce. Tawa ta zo da P0720 a bayanta, wadda ke nuni ga sensar da ke auna gudun da ke fita daga giyabos. Allurar gudu ta riƙa rawa, giya kuma tana shiga da fizga. Sensar kanta lafiya take, wayarta ce ta goge a jikin ƙarfe har ta yi tsirara. Da aka gyara wayar aka ɗaure ta nesa da wurin, motar ta koma yadda take.

Wata 'yar'uwa:
Ni P0730 aka samu a tawa, aka bayyana mini cewa gudun da ke shiga giyabos da wanda ke fita ba su daidaita da giyar da kwamfuta ta zaɓa ba. Alamar da na fara gani ita ce, idan na taka totur injin yana ƙara amma motar ba ta ja daidai da ƙarar, musamman a hawa. Ashe man giya ne yake yoyo a hankali ta bututun da ke kai shi wurin sanyaya. Motata ba ta da sandar auna man giya, don haka sai da aka ɗaga ta a daidaice, man ya kai zafin da littafin motar ya ƙayyade, sannan aka duba ta ramin gefe. Ina jan hankalin 'yan'uwa a kan irin man da za a zuba, domin na giyar CVT, wato otomatik da ba ta da matakan giya, daban yake da na otomatik da aka saba, kuma haɗa su ɓarna ce.

Wani mamba:
A tawa laifin batir ne. An auna shi a kashe aka ga ya yi ƙasa sosai da volt 12.6 da ake tsammani daga cikakken batir, kawunansa kuma duk sun yi gishiri. Lambar P0562 ta ƙarancin wuta tana tare da P0700. Sabon batir da wanke kawuna suka kashe maganar.

Tsohon bakanike:
Yarana, na ji daɗin bayananku, amma kada mai tambaya ya tafi da zaton cewa kullum abin yana ƙarewa da waya ko batir. Na sha kwance kaskon man giya bayan wannan lamba in tarar man ya yi baƙi yana warin ƙuna, maganaɗisun da ke ƙasan kaskon kuma ya cika da ɓarɓashin ƙarfe. Ɗan laushin toka-toka a jikinsa ba abin damuwa ba ne, cin yau da gobe ne; amma idan ka ga gutsattsari masu ƙyalli ko baƙin garin faifan kuloci, to sauke giyabos ya wajaba, canjin mai ba zai dawo da abin da ya cinye ba. Tsarin da nake bi shi ne in karanta lambar kwamfutar giya, in duba mai da launinsa da warinsa, in auna batir da fiyus da wayar ƙasa, sannan in bi soket ɗin giyabos ko mai ko ruwa ya shiga ciki. Lambobi irin su P0750 da P0755 suna nuni ga solenoyid masu buɗe hanyar mai don canza giya, kuma a motoci da yawa ana kai wa gare su ta kasko ba tare da an sauke komai ba. Kwamfutar giya ita ce ta ƙarshe da nake zargi, duk da cewa ita mutane suke fara saya.

Mai aikin rewaya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Zan ƙara a kan batun kwamfutar: idan na ga U0101, wato an daina jin kwamfutar giya gaba ɗaya, fiyus ɗinta da wutar da ke shiga cikinta nake fara aunawa, domin wadda ba ta samun wuta ba za ta amsa ba ko da lafiyarta ƙalau. In har ta tabbata ita ce ta mutu, a yawancin motoci sai an saita sabuwar da na'ura ta dace da motar, sannan a yi tafiya da ita ta sake koyon lokutan canza giya, don haka 'yar fizgar farko bayan gyara ba lallai ta zama sabuwar matsala ba.