Maganin maye gurbin dalma a tsofaffin motoci: dole ne ko ɓarnar kuɗi?

Alhaji Mai Land Rover: Assalamu alaikum. Wani mai sayar da kayan mota a kasuwar Ladipo da ke Legas ya ce min duk motar da aka ƙera kafin 1980, muddin ba a zuba mata maganin nan mai maye gurbin dalma a tanki, injinta cin kansa yake yi a hankali. Ni dai na gamsu da maganarsa. An ƙera injinan nan ne lokacin da fetur ke ɗauke da dalma, yanzu kuma babu ita. Tawa mai injin fetur 2.25 ce, gadon mahaifinmu, ba zan yi sake da ita ba.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Alhaji, kuɗinka kawai yake so. Na yi shekaru ina jan Peugeot 504 daga Agege zuwa Kano, kusan kilomita dubu, da fasinja da kaya har bisa rufi. Aka cire dalma daga mai, ba mu ma san an cire ba. Ban taɓa zuba komai ba, injin bai taɓa yi min gardama ba.

Injiniya: Baba, gaskiya ka faɗa, amma a kan motarka kaɗai. Kan injin 504 na alminiyam ne. Alminiyam ba ya jure bugun bawul, shi ya sa tun daga masana'anta ake dasa masa zoben ƙarfe mai tauri inda bawul ke zama. Haka Beetle ɗin da aka riƙa haɗawa nan Ojo kan hanyar Badagry tun 1975, haka Mercedes W123. Land Rover ɗin Alhaji kuwa kan injinta ƙarfen zubi ne, kuma a jikinsa aka sassaƙa mazaunin bawul kai tsaye. Nan matsalar take.

Baba Direba: To wace tsiya dalmar ke yi wa mazaunin?

Injiniya: Ba don mazaunin aka fara sa ta ba. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors a Amurka ya gano tana hana injin nokin, wato ƙarar bugu da yake yi in mai bai ƙone daidai ba, aka fara sayar da man a 1923. Sai ya zamana tana da wani amfanin na gefe: idan ta ƙone takan bar ɗan shafi a bakin bawul ɗin da ke fitar da hayaƙi. Wannan bawul yakan yi jajir don zafi, kuma duk minti yana dukan mazauninsa sau ɗaruruwa. In babu shafin, sai ya riƙa ɗan mannewa da ƙarfen yana ɓantaro ƙananan ɓarɓashi, ɓarɓashin kuma ya riƙa goge wurin. A hankali bawul ya nutse ciki, tazarar tafet (ɗan gibin da ake bari tsakanin bawul da abin da ke danna shi) ta rufe, bawul ya daina rufuwa sosai, ƙarfi ya ragu, ƙarshe ya ƙone. Magungunan nan da fotasiyam ko fosfaras ko manganis ake haɗa su don su yi aikin shafin.

Alhaji Mai Land Rover: Ka ji ko, Baba. Ashe mutumin bai yi ƙarya ba.

Oga Bakanike: Ranka ya daɗe, ya yi rabi. Ya ce "duk mota", alhali galibin tsofaffin motocin da ke Legas ba su shiga ciki ba. Ko taka ma, ina kake kai ta? Daga Agege zuwa masallacin Juma'a, sai ɗaurin aure a Idi-Araba, cikin gosulo, da ƙyar kake shiga giya ta uku. Cin mazaunin nan sai injin ya daɗe yana gudu sama-sama da nauyi a kansa, kamar ka hau titin Ibadan ka danne totur ba sassautawa. Na buɗe kan injin irin taka da yawa. Abin da nake tararwa shi ne lagireto ya toshe da tsatsa, gaskit ya ƙone, kafireto cike da laka. Mazaunin da ya nutse ban cika gani ba.

Injiniya: Ba ka cika gani ba, amma kana gani. A Ingila, kafin su daina sayar da mai mai dalma a farkon 2000, ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta sa an gwada magungunan a injin mai kan ƙarfen zubi. Wasu sun yi aiki, da dama sun faɗi. Ke nan ciwon gaskiya ne, amma ba kowace kwalba ce magani ba.

Oga Bakanike: Yauwa, nan nake son a zo. Wa zai tabbatar min kwalbar da ke kan tebur a rana tun bara ita ce ta ainihi? Mu da muka ga abin da gurɓataccen mai ya yi wa motoci a garin nan a Fabrairun 2022, ba ma zuba abu a tanki don wani ya ce.

Hajiya Mai Beetle: Ni abin da ya dame ni daban ne. Na ji wasu na cewa da ma a dawo da man dalma, ya fi lafiya ga injin. Don Allah a daina wannan magana. Mu 'yan Zamfara ne, mun san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukanmu a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Wancan daga haƙar zinare ne, amma dalmar dai ita ce, tana lalata ƙwaƙwalwar yaro ba gyara. A Dakar aka yi alkawarin cire dalma daga fetur a 2001, ƙasashenmu suka gama cire ta kafin 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Yaran da ke talla a bakin titi a Oshodi su ne suka fi shaƙar hayaƙin nan.

Injiniya: Allah ya jiƙan su, Hajiya. Maganin da muke magana babu dalma a ciki, kuma taki ba ta buƙatarsa. Sai dai gargaɗi biyu: kada a gauraya iri biyu, a tsaya kan ɗaya, kuma kada a zuba a motar zamani mai indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, fosfaras na kashe shi. Mai dizal kuwa babu ruwansa da zancen gaba ɗaya.

Baba Direba: Ni har yanzu ban ga abin sayen ba. Motar da ta sha dalma shekara da shekaru ai akwai saura a jikinta.

Injiniya: Akwai, Baba, amma ƙarewa yake yi, kuma da an goge bawul sau ɗaya ya tafi ke nan. Fiye da shekara 20 babu dalma a manmu.

Alhaji Mai Land Rover: Bayan salla nake son kai ta Ilori da iyali. Ku faɗa min abu ɗaya.

Oga Bakanike: Kawo ta garejina ranar Asabar mu auna tafet. Nata inci 0.010 ne. Mu rubuta na kowane bawul, in ka dawo mu sake aunawa. In na hayaƙi sun matse, sai mu cire kan injin mu kai wurin masu injin sassaƙa su dasa zobe mai tauri, a huta gaba ɗaya.

Injiniya: Na yarda da awon. Amma don wannan tafiyar, Alhaji, ka zuba maganin, daga shagon da ka amince da shi, daidai ma'aunin da ke jikin kwalbar, kuma kada ka wuce gudun kilomita 80 a awa a hanya.

Oga Bakanike: In ya zuba kuma ya zan gane ko injin na ci ko ba ya ci? Alhaji, ka zo da safe tukuna, mu ga abin da ma'auni zai nuna.