Rumfunan tako da farin fenti: gari aka gyara ko sana'a aka shafe?

Kawu Injiniya: Assalamu alaikum. Ga wata magana da nake so mu baje ta a faifai, ko da yake na san ba kowa zai ji daɗinta ba. A shekarar 2022 shugabar ƙaramar hukumar Cuauhtémoc da ke tsakiyar Birnin Meksiko, Sandra Cuevas, ta ba da umarnin a shafe zane-zanen da ke jikin rumfunan masu sayar da abinci a bakin titi, a yi musu farin fenti, a buga tambarin hukuma. Rumfuna kusan 1,500 abin ya shafa, daga masu tako, wato nama naɗe a gurasar masara, har masu matse lemo. Aka yi mata ca, wai ta kashe fasaha. Ni a ganina daidai ta yi. Gefen titi na jama'a ne, ba gadon mai rumfa ba. Hoton abarba da manyan haruffa ja da ɗorawa talla ce, tsara talla kuwa hurumin hukuma ne. Aikin tsara birane na yi har na ajiye, na san abin da gari ke komawa idan aka bar kowa ya ci karensa babu babbaka. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Habu: Wa alaikumus salam, Kawu. Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. A birnin na yi karatu, kuma waɗannan rumfunan su suka riƙe ni. Rumfar akwatin ƙarfe ce ƙarama, duk kusan ƙira ɗaya. Abin da ke raba ta wane da ta wane shi ne aikin mai buroshi a jikinta: sunan mai rumfa ko na mahaifiyarsa da haruffa masu inuwa, sai hoton abin da yake sayarwa. Su rotulo suke kiran irin wannan zane.

Lokacin da na sauka, Sifaniyanci bai zauna a bakina ba. Ni Musulmi, a garin da naman alade ke ko'ina. Zanen nan ne ya zama jagorana. In na hango an zana alade zaune cikin tukunyar tagulla yana murmushi, na san karnitas ake yi, sai in ƙara gaba. In na ga nama an jera shi kamar katantanwa da abarba a bisa, al pastor ke nan, shi ma alade ne. In kuwa tunkiya ce a jikin rumfar, to barbakowa ce, naman da ake naɗewa a ganyen wani tsiro mai kama da kabar giwa, a binne a rami mai zafi ya kwana yana dahuwa. An fi samunta Asabar da Lahadi da safe, da romonta a kofi. Ko a nan ma sai na tambaya, don wasu masu naman sa a kasko ɗaya suke soya shi da tsiren hanjin alade. Amma zanen ya rage mini rabin tambaya tun daga tsallaken titi. Yanzu Kawu ka ɗauka an mayar da su duka farare. Baƙo ya shiga uku, tsohuwar da ba ta karatu ma haka.

Kawu Injiniya: Habu, ai ka taya ni ne ba ka sani ba. Duk abin da ka lissafa aikin talla ne. Ƙaramin allo mai rubutu iri ɗaya zai yi maka wannan aikin.

Malam Sani Mai Fenti: Ranka ya daɗe Injiniya, a yi mini afuwa in sa baki, don sana'ata aka taɓa. Allunan shaguna da bayan manyan motoci nake zanawa tun ina saurayi. Wanda bai taɓa riƙe buroshi ba yana ganin rubutu ne kawai. Kafin harafi ɗaya ya tsaya cak a jikin ƙarfe, sai ka san kaurin fenti, ka san yadda za ka riƙe numfashi ka ja layi ba gargada, ka san inda inuwa za ta faɗi. Yaron da nake koya wa sai ya daɗe yana wanke buroshi yana cike launi kafin in bar shi ya ja baƙin layin gefe. Kuma kowane mai zane da hannunsa. Direbobi kan gane aikina daga nesa ba tare da sun ga sunana ba.

Ban taɓa zuwa Meksiko ba, amma da na ga hotunan rumfunan kafin a shafe su da bayan an shafe, raina ya ɓaci. Mai rumfa da guminsa ya biya mai zane. Wani zanen ma ubansa ne ya sa aka yi. Rana ɗaya a zo a bi da fari a kai, sannan a ɗora tambarin hukuma a wurin da sunan mutum yake. In talla ce matsalar, tambarin nan mene ne?

Yaya Bilki: Malam Sani, tambayarka ta ƙarshe ita ce inda gizo ke saƙa. Kawu, bari in kawo tarihi, don ƙasar da muke magana a kanta ba ta yi kama da sauran ƙasashe ba a wannan fanni. Bayan juyin juya halin da ya fara a 1910, ministan ilimi José Vasconcelos, wanda ya hau a 1921, ya buɗe wa masu zane bangon gine-ginen gwamnati. Dalilinsa shi ne akasarin jama'a ba sa karatu, sai a ba su tarihinsu a bango. Daga nan Diego Rivera da José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros suka yi suna. Rivera ya fara zanen Fadar Ƙasa a 1929, kuma cikin abin da ya zana a can har da kasuwar Tlatelolco ta zamanin Aztek, da mata masu sayar da masara da kayan miya. Wannan fadar a cikin Cuauhtémoc take. Wato a ƙaramar hukuma ɗaya, hoton 'yan kasuwar da suka mutu shekaru ɗari biyar da suka wuce ana gadinsa da 'yan sanda, zanen 'yan kasuwar da ke raye kuwa ana bin sa da farin fenti. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Kuma ba laifi ba ne abu ya zama talla ya kuma zama fasaha. Zanen da magina ke yi a fuskar gidan attajiri a Zariya, ai shelar arziki ce, amma ba wanda ya ce don haka ba gwaninta ba ce.

Kawu Injiniya: Bilkisu, kada mu haɗa Rivera da wanda ya kwaikwayi hoton katun ya manna a rumfa. Da yawansu haka suke, kin sani.

Yaya Bilki: Na sani, Kawu, akwai na banza a ciki. Amma umarnin bai tace ba, da mai kyau da maras kyau duk ya haɗa.

Maman Hanif: Sannunku da hira. Ni daga Los Angeles nake, inda tako ya zama tuwon gari. Yaya Bilki ta tuna mini: Siqueiros ɗin nan ya yi wani zane a nan titin Olvera a 1932, América Tropical, wanda ya nuna ɗan asalin ƙasa ɗaure a kan gicciye da gaggafa a samansa. Bai yi wa masu wurin daɗi ba, cikin 'yan shekaru aka shafe shi da fari. Sai a 2012 aka sake buɗe shi ga jama'a, bayan an kashe maƙudan kuɗi wajen ceto abin da ya rage.

Amma ni ta wajen abinci zan zo. Tako ɗan titi ne tun asali. Tortiya, wato gurasar da ake yin tako da ita, masara ce da ake dafawa da ruwan farar ƙasa, a wanke, a niƙa, a fyaɗa ta a gasa, kuma wannan dahuwar ce ke sa jiki ya amfana da sinadarin da ke cikin masarar. Sai a ɗora nama, albasa, ganyen koriyanda, miyar barkono, a matsa lemon tsami, a ci a tsaye da hannu. Al pastor da Habu ya ambata jikan shawarma ne: 'yan Labanon da suka yi ƙaura zuwa Meksiko suka zo da gashin nama a tsaye, 'yan gari suka sauya naman da kayan yajin suka mayar da shi nasu. Ba wani ofishi da ya tsara haka. A 2010 UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meksiko cikin kayan gadon duniya. A 2024 kuma El Califa de León, wani ɗan mitsitsin wurin tako da ke unguwar San Rafael tun 1968, ya samu tauraron Michelin, shaidar da manyan gidajen abinci na Faransa ke fafutukar samu. Nau'in tako huɗu kacal yake yi. San Rafael ɗin ma a Cuauhtémoc take. Abin da aka raina a titi, daga baya shi ake tinƙaho da shi. Mu a nan Kalifoniya sai a 2018 aka sa hannu a dokar da ta daina ɗaukar sayar da abinci a gefen titi a matsayin laifin da ake kama mutum a kai.

Kawu Injiniya: Hajiya, wurin da kika ambata shago ne ginanne, ba rumfar kan hanya ba, kuma don nama aka ba shi tauraro, ba don fenti ba. Amma tunda kun taru a kaina, ga wadda nake so ku amsa. Su wa suka fi ɗaga murya da aka shafe zanen? Masu zanen kwamfuta da 'yan jami'a da mazauna Roma da Condesa, unguwannin da baƙi masu dala suka cika har haya ta gagari 'yan gari. A Yulin 2025 sai da aka yi zanga-zanga a waɗannan unguwanni kan tsadar haya. Mai tako da ke tasowa daga bayan gari tun asuba, kuna ganin hoton abarba ne damuwarsa? Ruwa mai tsabta yake nema, da wuta, da wurin zubar da shara, da tabbacin ba za a tashe shi gobe ba. Su kuwa wancan ɓangaren abin ɗaukar hoto suke so. Sannan Malam Sani ya faɗa mana gaskiya: wa ya fi kashe sana'arsa, hukuma ko injin buga bana? Shekara da shekaru masu rumfa da kansu suna watsar da mai buroshi suna zuwa a buga musu a leda, ba wanda ya yi kuka. Wannan ihu bayan hari ne.

Malam Sani Mai Fenti: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ranka ya daɗe. Injin ya ci mu. Abin da zan kwana biyu ina yi, yaro zai buga shi kafin a yi la'asar, a kan kuɗin da bai kai nawa ba. Abokan sana'ata da dama sun koma fentin ɗaki. Amma wanda ya bar ni ya tafi wajen injin, shi ya zaɓa, kuma wasu kan dawo idan rana ta cinye ledar ta koɗe. Waɗancan kuwa su ne 'yan ƙalilan da suka riƙe mai buroshi duk da tsadarsa, su aka zo aka hukunta.

Habu: Kawu, maganar haya gaskiya ce, na ga abokaina 'yan ƙasar suna barin unguwannin da aka haife su. Sai dai farin fenti bai kawo wa mai rumfa ko bokitin ruwa ɗaya ba. Duk abin da ka lissafa, ruwa da wuta da shara, yana nan yadda yake bayan an shafe. Ni mai barbakowar da nake zuwa wurinsa, abin da nake dubawa shi ne ko mai karɓar kuɗi daban ne da mai taɓa nama, ko an rufe faranti da sabuwar leda, ko layi ya yi tsawo. Ƙungiyar da aka kafa a lokacin, Rechida, ba ta tsaya ga surutu ba, ta shiga tattara hotunan zanen da aka shafe don kada su ɓace gaba ɗaya. Ko da 'yan boko ne suka fara magana, ai mai rumfa da lasisinsa ke hannun hukuma ba shi da bakin da zai yi ta.

Yaya Bilki: A birnin nan dai akwai Iztapalapa, yankin talakawa da ya fi kowane yawan jama'a. A can hukuma ce ta ɗauki masu zane suka yi dubban zane a bango da rufin gidaje, har wanda ya hau Cablebús, taragun nan masu tafiya a kan igiya da aka buɗe a yankin a 2021, yana kallonsu daga sama. Shugabar yankin ta lokacin, Clara Brugada, ita aka zaɓa ta shugabanci birnin baki ɗaya a 2024. A Cuauhtémoc ma, sabuwar shugabar da aka zaɓa a shekarar ta ba da dama a dawo da zanen rumfuna.

Kawu Injiniya: To ai na Iztapalapa da tsari aka yi shi, abin da nake faɗa ke nan tun farko. Zan sassauta a wuri ɗaya: ɗora tambarin hukuma a gurbin sunan mai rumfa bai dace ba, Malam Sani ya gamsar da ni a nan. Amma ina nan a kan bakana cewa hukuma ce za ta faɗi girman rumfa, da inda za ta tsaya, da iyakar inda fenti zai kai. Na ga hanyar da makaho da mai keken guragu ba sa iya bi saboda an ce a ƙyale kowa.

Malam Sani Mai Fenti: Ku auna mana faɗi da tsawo, ranka ya daɗe, ba za mu ƙetare ba. Abin da zai shiga cikin awon, wannan tsakanin mai rumfa ne da mai buroshi. Kuma duk wanda aka shafe wa zane ba da son ransa ba, hukumar da ta shafe ita ya kamata ta biya kuɗin sabo, a kira wanda ya yi na farko in yana raye, in ba ya nan a nemi yaransa.