Muhawara: In an kwafe takardun tarihi a kwamfuta, me ya rage da za a kashe wa kuɗi?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Na ga kiran da aka turo mana jiya, wai mu sa hannu a hana gwamnati zabtare kuɗin ma'adanar takardun tarihi. Ni kam ban sa ba. A zamanin da waya ɗaya ke ɗauke da dubban littattafai? A kwafe takardun a kwamfuta, a rufe ginin, a kai kuɗin asibiti. Mai ja, bismillah.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Injiniya, kwafewar kyauta ake yi? Ai a kan kuɗin kwafewar aka kai ruwa rana a Ostireliya a 2021. Gwamnati da kanta ta sa wani tsohon babban sakatarenta, David Tune, ya binciki ma'adanar ƙasar. Ya ce a ware dala miliyan 67.7 na kuɗinsu a ceto abubuwan da ke dab da lalacewa. Kasafin watan Mayu ya fito, babu kuɗin a ciki. Dama shekara da shekaru ana ɗan yanke wani abu daga kuɗin gudanar da hukumomin gwamnati da sunan tsimi, ma'aikata na raguwa, aiki na ƙaruwa.

Ɗan Auta: Malam, takarda ai ba ta gudu. In ba a kwafe bana ba, a kwafe baɗi.

Malamin Tarihi: Ba takarda kaɗai ba ce, Auta. Akwai kaset da fim. Zaren kaset yana da wa'adi, kuma an daina ƙera yawancin injinan da ke karanta shi, shi ya sa masana suka yi ta gargaɗin cewa abin da ba a kwafe ba kafin 2025 yana iya salwanta. Tsohon fim kuma in ya fara ruɓewa, warin tsami yake yi, ya ƙanƙance, ya nannaɗe. Cikin abin da aka ji wa tsoro har da jawaban da Firaminista John Curtin ya yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Injiniya: To jawabin mamaci ya fi gadon asibiti?

Barista: Ka tsallake jawabin, Injiniya. Shekaru da dama hukuma a Ostireliya tana raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu, ta kai su gidajen reno, har zuwa wajen shekarun 1970. Sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Wanda aka ɗauke yana jariri, ina zai samo sunan mahaifiyarsa in ba a fayil ɗin gwamnati ba? Masu neman dangi rayayyu ne, kuma ba 'yan boko masu neman digiri ba ne. A aikinmu ma haka yake. Hukuncin Kotun Duniya kan Bakassi na 2002 ya jingina da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Rikicin sarauta ko na iyakar gunduma kuwa, sau da yawa sai an je ma'adanar da ke Kaduna an buɗe fayilolin zamanin Turawa.

Hajiya Babba: Ni ba a nan nake da magana ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ma'adanar Ostireliyar ta fito tana roƙon jama'a gudummawa. Hukumar gwamnati da ƙoƙon bara! Ka biya haraji, a dawo a ce ka yi karo-karo a ceto takardun gwamnati? In mutane suka saba bayarwa, gobe sai minista ya ce ai jama'a na riƙe da ku.

Barista: Hajiya, abin da aka tara bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake nema ba, kuma kowa ya san ba zai kai ba. Kunyar ce ta yi aiki. Marubuta da malaman jami'a sama da 150 suka rubuta wa Firaminista Scott Morrison buɗaɗɗiyar wasiƙa, jaridu suka ɗauka. A farkon Yuli 2021 gwamnati ta ba da miliyan 67.7 ɗin cif, a kashe cikin shekara 4 maimakon 7 da Tune ya tsara.

Hajiya Babba: An ba su sau ɗaya, na ji. Albashin mai kula da ɗaki da kuɗin wutar na'urar sanyaya wuri fa? Waɗannan kowace shekara suke zuwa, kuma ba wanda ke rubuta musu wasiƙa.

Injiniya: Yauwa Hajiya! Kin ga ke ma kin dawo layina. A gama kwafewa a huta da kuɗin wutar.

Hajiya Babba: A'a, kar ka ja ni layinka. Kai injiniya ne, ka fi ni sanin cewa abin da ke cikin kwamfuta ma wuta yake ci, kuma sai an riƙa sauya masa mazauni kafin na'urar ta tsufa. Kana da abin da zai buɗe maka faifan fulofi yau a ofis ɗinka?

Ɗan Auta: Mene ne fulofi kuma?

Malamin Tarihi: Ka tambayi Injiniya, ya yi zamaninsa. Ƙari a kan maganar Hajiya: hoton takarda ba ya amfani in ba a jera shi an rubuta bayaninsa ba. Wa ya rubuta, yaushe, daga wane ofis? Wannan aikin mutum ne, kuma mutumin ne ake fara sallama in an zabtare kasafi.

Injiniya: Har yanzu ban sa hannu ba. Kiran da aka turo bai faɗi nawa ake nema ba, bai faɗi me za a ceto ba. Na Ostireliya sun zo da adadi da jerin kaya. A gyara namu ya zama haka, sannan a dawo mini da shi.

Barista: Wa ya rubuta shi ma tukuna? Auta, kai ka turo.

Ɗan Auta: Turo mini aka yi nima, Yaya. Bari in tambayo.