Filta a Gmail ta cinye mini kiran intabiyu, ya zan yi?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ce sakatariyar ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu, ba don na nema ba, mai riƙe da kujerar ce ta yi aure ta koma Zariya, aka ɗora mini. Ta'aziyya ɗaya sai ta haifi imel talatin, kowa sai ya amsa wa kowa da "Allah ya jiƙan rai". Da na gaji, na sa ƙanena ya haɗa mini filta: duk saƙon da "sanarwa" ta fito a takensa, ya wuce kwandon shara. Ashe kiran intabiyun da nake jira ma da "Sanarwa" aka buɗe shi. Jiya na ji har an yi an gama.

Baban Walid: Hajiya, ki duba kwandon yau ɗin nan, abin da ya kwana 30 a ciki Gmail share shi take yi. Sannan bai kamata a ba filta ikon gogewa ba. A ce ta manna wa saƙon lakabi, ta kawar da shi gefe. Kuma sai a kwamfuta, manhajar waya ba ta haɗa filta.

Ummu Sadik: Ku sa doka kowa ya fara takensa da [TSOFAFFI], shi ke nan.

Baban Walid: Gmail ba ta ganin bakan nan wajen bincike, kalmar kawai take kamawa. Ku ƙirƙiro wadda babu mai amfani da ita, kamar TSF98.

Maman Hanan: Shugabanmu ko take ba ya sawa, tsohon saƙo yake nemowa ya amsa a kai. Ni ce zan kafa masa doka? Kuma ƙanena ba shi da laifi, abin da na ce ya yi.

Ɗan Gwammaja: Ni hotunan biki suka cika mini 15GB ɗin ajiya da Gmail ke bayarwa, wata guda saƙo ba ya shigowa ban sani ba. Buɗe sabon imel kawai, Anti.

Baban Walid: Ba sai ta buɗe ba. Ki ƙara +kungiya bayan sunanki kafin alamar @, ki ba su wannan adireshin, ki tace da shi.

Maman Hanan: Lambar wayata ma da na canza bara, har yau tsohuwar 'yan ƙungiyar suke kira. Saƙon dai na gan shi a kwandon. In rubuta wa masu intabiyun in ba da haƙuri, ko zubar da kai ne?