Wace kyamara ya kamata in saya, aikin biki da suna nake son farawa

Ɗan Tudun Wada:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar hoto ku taimaka min da shawara. Na gama bautar ƙasa, na ɗan tara wani abu da bai kai miliyan ɗaya ba, ina son in fara ɗaukar hoto a nan Kaduna, biki da suna da walimar sauka, sannan akwai malaminmu da yake son a rinƙa ɗaukar karatunsa a bidiyo ana sa wa a Facebook musamman da azumi. To matsalar duk wanda na tambaya sai ya faɗa min daban, wani ya ce DSLR, wani ya ce ai an wuce zamaninta in nemi marar madubi, wani abokina kuma cewa ya yi in ƙara kuɗi in sayi iPhone kawai in huta tunda yanzu da ita ake ɗaukar amare. Ni dai kaina ya ɗaure. Kuma babanmu yana son a sa masa kyamarar tsaro a shago a Kasuwar Barci, shin ita ma duk layi ɗaya ne ko harkarta daban?

Baba Mai Hoto Kawo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni tun zamanin fim nake wannan sana'a, lokacin da ɗauka 36 ne a nadi ɗaya, sai an kai wanki ka san abin da ka yi, saboda haka bari in yi maka bayani a tsanake.

Ita DSLR akwai madubi a cikinta, shi ke juyo maka abin da lensi ya gani zuwa idonka, idan ka danna sai madubin ya ɗaga haske ya faɗa kan sensa (abin da ke karɓar hoton a madadin fim), wannan ƙarar "kacal" da kake ji ke nan. Marar madubi an cire shi, abin da sensa ta gani shi ake nuna maka a ɗan allo kai tsaye, shi ya sa ta fi ƙanƙanta. Amma hoton da zai fito ba madubi ke yin sa ba, girman sensa ne da lensi da haske. Wannan shi ne abin da yara ba sa son ji.

Da irin kuɗinka ni DSLR ta hannu zan ce ka nema, Canon 700D ko 750D, in ka ɗan matsa ka kai 80D to ka gama, ta 2016 ce amma fokas ɗinta a bidiyo har yau ba ya ba mutum kunya. Dalilina na cewa Canon ba wai ta fi Nikon ba ne, a'a, a garin nan ita ta fi yawa a hannun mutane, ranar da batirinka ya mutu a tsakiyar dina za ka samu na aro wurin abokin aiki, lensinta na hannu ma ya fi sauƙin samu. Kuma batirin DSLR yana jimrewa, 80D tana yin hoto sama da 900 a caji ɗaya, wanda ya san halin wutar garin nan ya san amfanin wannan.

Amma ga inda nake son ka buɗe kunne, kada ka zuba kuɗin duka a jikin kyamara. Lensin da ake haɗo ta da shi, 18-55, da rana a waje ba laifi, amma ka shiga hol da daddare ko falon da ƙwai ɗaya ne a sama sai ka ga fuskar amarya ta yi duhu hoto ya cika da tsakuwa-tsakuwa. Ka ware kuɗin 50mm f/1.8, shi ne mafi arha a lensin da ke shan haske sosai kuma shi ke narkar da baya ɗin nan da mata ke so. Sai dai ka sani a kan waɗannan ƙananan Canon ɗin 50 yana komawa kamar 80 ne saboda sensar ƙarama ce, a ɗan ɗakin gidan suna za ka yi ta ja da baya har ka jingina da bango mutum uku ba su shiga ba, don haka kar ka sayar da 18-55 ɗin, ko ka nemi Sigma ko Tamron 17-50 f/2.8. Sai filash na ɗorawa a kai, Godox ko Yongnuo, ka koyi harba shi sama ya dawo daga silin maimakon ka watsa wa mutane a ido. A nan ka kula da Canon 4000D da wasu 2000D, babu ɗan ƙarfen tsakiya a mazaunin filash ɗinsu, wasu filash ɗin ba sa tashi a kansu, kuma ba su da ramin makirfo.

Abba Lens:

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa kan lensi da filash haka yake, amma maganar ya sayi DSLR a wannan zamani ni dai ban goyi baya ba gaskiya. Su kansu kamfanonin sun juya, Canon sun ce 1D X Mark III ta 2020 ita ce ta ƙarshe a manyan DSLR ɗinsu, sabbin lensi duk na marar madubi suke fitarwa. Kuma yanzu wace amarya ce za ta ce hoto kawai take so? Kowa ɗan gajeren bidiyo yake nema na TikTok da Instagram, a nan kuwa marar madubi ta yi nisa, tana kama idon mutum ta bi shi duk inda ya juya, ango na rawa fokas na biye da shi. Sony A6400 ta 2019 ka duba ta, ko Canon R50, ita kana sa mata adafta duk tsoffin lensin Canon na DSLR (EF) ɗin da Baba yake magana za su hau su yi aiki. In Allah ya buɗa gaba sai Sony A7 III, ful firem ce, sensarta girman fim ɗin da ne, milimita 36 da 24, tana ɗaukar memori biyu lokaci guda wanda ko ɗaya ya lalace hotunan bikin mutane na nan a ɗayan. Canon M50 tana da arha a kasuwa yanzu kuma za a yi ta tallata maka ita, tana da kyau amma an daina yin layin lensinta kuma batirinta bai kai hoto 250 ba, sai ka riƙe uku a aljihu.

Sannan maganar karatun malam, babu wanda ya taɓo ta. Yawancin DSLR bidiyonsu yana tsayawa da kansa a minti 29 da daƙiƙa 59, Canon 600D ma ba ta kaiwa nan, fayil na cika 4GB wajen minti 12 take yankewa. Ka ga malam na tsakiyar fassara aya kai kana can kana laluben maɓalli. A6400 ba ta da wannan iyakar. Amma in dai karatu na awa ɗaya da rabi ne kullum tsawon azumi, kamkoda ce aikinta, irin na Sony ko Panasonic ko Canon, ka kafa ta a kan mai ƙafa uku daga bayan masallaci ka jawo da zum, ka haɗa ta da wuta ta yi ta tafiya ba zafi ba tsayawa. Ko kuma waya ma ta isa. Abin da ya fi hoton muhimmanci a karatu murya ce, ka ja kebul daga amfilifayar masallaci ko ka maƙala wa malam ƙaramin makirfo irin Boya a wuyan riga, mutane za su jure hoto dishi-dishi amma ba za su jure amsa-kuwwa ba.

Maman Hanan Unguwar Rimi:

Ni ma sana'ata ke nan, kuma zan kare waya kaɗan. Masu sayar da atamfa da turaren wuta da masu kwalliya da nake wa aiki, da yawansu na ce musu ku bar ɓata kuɗi, waya mai kyau da fitilar zobe da taga mai haske sun ishe ku. Bidiyon shigowar amarya ma da waya da gimbal (mariƙin da ke hana hoto rawa) nake yi yanzu, kafin a tashi daga wurin na gyara na tura mata. Amma kar lambar megafiksel ta ruɗe ka, waya za ta ce maka 108 ko 200, Canon 5D Mark III 22 ce kawai amma a wanko su babba a sa a firem ka ga bambanci, musamman na dare, don sensar waya 'yar mitsitsiya ce sauran duk kwaskwarimar manhaja ce. Kuma mu faɗi gaskiya, ka je gidan biki da waya a hannu ka ce a biya ka kuɗin mai hoto, gwaggon amarya ce za ta fara tambayarka ina kyamarar take.

Wani abu kuma ƙanena, kamu da sa lalle da wunin cikin gida, gidaje da yawa ba sa son namiji ya shiga. In kana da ƙanwa mai sha'awa ka koya mata tun yanzu ku rinƙa karɓar aikin tare, kai waje ita ciki.

Baba Mai Hoto Kawo:

Abba na ji ka, amma ka lissafa masa kuɗin lensin Sony tukuna, yaro ne mai farawa ba mai ƙarawa ba. In ya saya jiki ya rasa na filash me aka yi? Ƙanena duk wadda ka zaɓa, in ta hannu ce ka sa a duba maka adadin shata, wato sau nawa aka danna ta, ƙananan an gina su ne a kan wajen dubu 100, 5D Mark III dubu 150. Ka cire lensi ka haska tocila ta ciki, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo to danshin damina ne ya yi masa fumfuna, ka ajiye musu abinsu. Ka ɗauki farin bango ko sama a f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken lensi, ka duba ko akwai ɗigo-ɗigo a sensa. Da hunturu kuma kar ka kuskura ka canza lensi a fili cikin ƙura, marar madubi ma ta fi saurin kwasa tunda sensarta a buɗe take. In kana sha'awar hawan sallah a Zariya wata rana, lensin jawo nesa 55-250 zai fara maka kafin ka kai ga 70-200.

Sani CCTV Rigasa:

Ta shagon Baba harkarta daban ce kwata-kwata. Iri biyu ne bisa akwatin da ke ajiye bidiyon, mai DVR wadda ta fi arha, da mai NVR wadda kebul ɗaya ne ke kai mata wuta ya kuma ɗauko hoto, ta fi fitar da fuska. Hikvision da Dahua su suka fi yawa. Da daddare yawancinsu baƙi da fari suke nunawa. Babban abu wuta ce, in ba inbata ko sola to ana ɗauke wuta ta makance, kuma ɓarawo ya san haka. Akwai mai sola da ake sa wa layin waya yana kallo daga gida amma tana cin data. A ɓoye akwatin da ke ajiye bidiyon, kar a bar shi a kan kanta, kuma ɗaya a kafa ta daidai tsayin fuska a bakin ƙofa, ba can ƙololuwa ba inda hula kawai za a gani.

Ɗan Tudun Wada:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kamar 80D ɗin zan bi da 50 da filash, karatun malam in fara da wayata da makirfo. Dron fa, na ga ana sa wa a bidiyon ɗaurin aure?

Abba Lens:

Bar dron tukuna malam. Yana buƙatar rajista da hukumar kula da sufurin jiragen sama (NCAA) da izinin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma Kaduna gari ne na sojoji, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA ga sansanin sojan sama ga barikoki ga filin jirgi, ka tashe shi inda bai dace ba sai dai a ji labarinka. Ranar da kwastoma ya nema ka ɗauko hayar mai shi ka sa a cikin kuɗin aiki. Kuɗin dron ɗin ka sayi batir biyu da memori biyu masu sauri.